Kiran Sallar da Waya Ba Ta Ji Ba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan babi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Soba, na rubuta aurena da mahaifiyarku, na rubuta yadda na koyi tuƙi, duk ban sha wahala ba. Da na iso nan sai na tsaya, har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, a firamare na tsaya, ina tsoron in rubuta abu ya fito ba yadda nake nufi ba. Ina kuma tsoron in ambaci mutum in ɗauki alhakinsa, ga shi wasu daga cikinsu ban san ko suna raye ba. Sannan akwai kunya, a ce dattijo mai furfura ya zauna yana ɓata takarda a kan ƙwallon ƙafa. Abin da ya sa na daina jan ƙafa wata magana ce da na ji a zaure. Kun san kunnena na hagu ya fara nauyi bana. Wani baƙo ya yi mini sallama ban amsa da wuri ba, sai na ji Mustafa, babban ɗana, yana ba shi haƙuri.

"Ka ɗaga murya, ai Baba tun yana Qatar kunnen nan yake ba shi matsala."

Mustafa, ban yi maka magana a ranar ba don a gaban baƙo ne. Yanzu zan yi. Lokacin da nake Doha kunnena garau yake, ina gane tayar da iskarta ta ragu daga ƙararta tun kafin in sauka in duba. Idan ɗan da na haifa ya fara maimaita abin da aka faɗa a kaina, ban ga wanda ya rage ba. Saboda haka ku karanta, ku da ƙannenku, ku ji yadda aka yi.

A shekarun nan bas nake ja, ina kai ma'aikatan wani kamfani wurin aiki ina dawo da su. A unguwar Mansura muke kwana, ɗaki ɗaya da gadaje masu hawa biyu, direbobi da 'yan gadi, duk 'yan Arewa. Wanda gadonsa yake saman nawa shi ne Lawwali, Bakano, mai gadi a wani shago. Tun ranar da ya ji ni Bazazzage ne bai ƙara kiran sunana ba, sai dai bawana, ni ma haka nake mayar masa. Tukunya ɗaya muke ci. Da na yi zazzaɓi shi ya riƙa dafa mini kunun da ya ce na Kano ne, wai shi kaɗai zai tashi bawa. Ran Juma'a muke da hutu. Bayan la'asar mukan tafi wani fegi da ba a gina ba a bayan rumbunan ajiyar kaya, inda Indiyawa suke wasan kurket da safe, mu kuma mu karɓi fili da yamma. Da farko motsa jini ne kawai. Daga baya abin ya girma, aka yi ƙungiyoyi da sunan unguwanni: 'yan Mansura, 'yan Nu'aija, 'yan Lusail masu aikin otal, da wasu. Aka kafa kwamiti, aka sayi kofi. Ni ba na bugawa, gwiwata ba ta yarda. Lawwali, wanda yake jan ragamar 'yan Mansura, shi ya tura mini usur a gaban jama'a.

"A ba bawan nan nawa. Mutumin da yake komawa ya duba ƙofar bas bayan ya kulle ta da hannunsa, ya sake komawa, ba zai ci hakkin kowa ba. Ko barci ba zai iya ba."

Aka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa. Haka Allah ya yi ni. Idan na yanke hukunci a fili nakan kwashe mako ina juya shi, ina tuƙi ina tambayar kaina ko ƙafar yaron nan ta taɓa ƙwallo kafin ta taɓa mutum. Na sha bin ɗan wasa har wurin aikinsa in ce ya yafe mini in na zalunce shi, ya tsaya yana kallona ya ma manta da zancen.

Muna da wata doka da ban taɓa jin irinta a wani wuri ba, kuma sai kun gane ta za ku gane sauran labarin. Ba ma tashi daga wasa da agogo. A farkon lamari agogo ya haɗa mu faɗa, kowa ya ce na alƙali yana gudu ko yana rarrafe. Sai dattawa suka ce a bar wa ladan. Ana take wasa bayan la'asar, a huta a tsakiya, a ci gaba. Da zarar alƙali ya ji kabbarar farko ta kiran magariba sai ya hura usur, wasa ya ƙare, ko da ƙwallo tana kan hanyarta ta shiga raga. Kiran farko da ya shiga kunnen alƙali, ko daga wane masallaci, haka dokar ta ce. Kowa ya ji daɗinta. Babu mai cewa ladan ɗan ƙungiyar wane ne, ga shi kuma ba ma makara salla. Wanda ya zauna a Doha ya san masallatai ba sa farawa da numfashi ɗaya, wani ladan yakan riga wani kaɗan. Amma mu babban masallacin da yake yamma da filin muka saba ji, lasifikarsa tana danne ta kowa.

Da aka kawo babbar gasar ƙwallo ta duniya garin, duk muka ga yadda alƙalai suke tsayar da wasa su je gefen fili su kalli allo, su dawo su sauya hukunci. Shugaban kwamitinmu, Injiniya Kabiru, mutum ne mai natsuwa da son zumunci, da aljihunsa yake sayo mana ƙwallaye. Shi ya kawo shawarar mu ma mu yi haka. Ya ce a ƙasar da ya yi karatu har wani wasa nasu da ake dukan ƙwallo da kulki sun koma duba bidiyo, bayan sun yi shekara da shekaru suna gardama a kai. Za a ɗaure waya a jikin sanda a saman wata bas, ta ɗauki wasa gaba ɗaya. In ƙungiya ta yi ƙorafi a sauko da ita a duba, abin da ta nuna shi ke nan, babu ja. Wasu dattawa suka ƙi. Ku sani, ni na fi kowa ɗaga hannu. Na ga kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce yanzu in na yi kuskure za a gyara shi nan take, ba sai na ɗauke shi zuwa kabari ba. Kuma sau da dama ta gyara ni. An taɓa nuna mini hannun da ban gani ba, na ce na gode, na ba da bugun. Ban taɓa jin haushin gyara ba, Allah ne shaida.

A shekarar da nake ba ku labari 'yan Mansura da 'yan Lusail ne suka kai wasan ƙarshe. Mai tsaron gidan Lusail kuwa kawunku ne, Nasiru, ƙanin mahaifiyarku, wanda ni na yi masa hanya ya zo. Tun mako yana saura na je wurin Injiniya na ce a nemi wani alƙali, ɓangare ɗaya abokan kwanana ne, ɗaya kuma ƙanin matata yana ciki.

"Shi ya sa ma kai ka dace, Malam Isiyaku," in ji shi. "Kana da naka a kowane gefe. Ga kuma waya tana kallo, me kake tsoro?"

Filin nan ta yamma akwai doguwar katangar rumbu, ita take ba da inuwa da yamma. Can 'yan kallo suke taruwa, can kuma bas mai wayar take tsayawa. Ta gabas rana ce ƙwal, babu mai zama. A 'yan watannin nan an kewaye wani wuri da kwano a can ana gini, leburorin suka ajiye kwantena suka mai da ita masallaci, suka ɗaure wata 'yar lasifika a jikin ƙarfe. Mutum ɗaya ne yake zama a gefen nan, wani mai shayi Bahaushen Ghana da muke kira Awudu Kumasi. Yakan kafa teburinsa a bakin kwanon don ya samu cinikin leburori da namu.

Rana ta yi ƙasa, ci ɗaya da ɗaya, 'yan Lusail suna tsaron ragar yamma. Sun taso gaba ɗaya sun yi wa ragar Mansura rubdugu a gabas, ni ma ina can. Sai ƙwallo ta kuɓuce, wani ɗan Mansura mai gudu kamar barewa ya ɗauke ta ya nufi yamma, fili duk ya bi shi, 'yan kallo suka miƙe da ihu. Ni da gwiwata aka bar ni a baya, ina ɗingishi kusa da kwanon nan. A nan na ji. Murya ce siririya, ta mutumin da ba Balarabe ba, daga 'yar lasifikar kwantena: Allahu Akbar. Ban yi shakka ba. Da wutsiyar ido na ga Awudu ya ajiye butar shayi ya ɗauki ta alwala. Na hura usur iya ƙarfina, na ɗaga hannu. Nasiru ya ji usur ya saki jiki, yaron ya buga, ƙwallo ta shiga. Jama'a suka ɓarke. Ana cikin ihun nan babban masallaci ya ɗauki kira.

Na ce ba ci, wasa ya ƙare kafin ƙwallo ta shiga, bayan salla a yi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Lawwali ya iso yana haki, hularsa a hannu.

"Bawana, me ka hura? Wa ya taɓa wa?"

"An kira salla."

"Yanzu ake kira. Ga shi kana ji."

"Na kwantena ya riga shi."

"Wace kwantena? Yalla, maza a sauko da waya."

Aka sauko da ita, Injiniya ya riƙe, kawuna suka rufe shi. Ni ma na leƙa, zuciyata a kwance, don na ɗauka mai gaskiya ba ya tsoron waya. Ga abin da ta nuna. Yaro yana gudu da ƙwallo, ana ihu, iska tana buga lasifikar wayar. Can baya ga wani ɗan mutum kamar ƙuda, ni ke nan, ya ɗaga hannu, usur ya yi ƙara. Babu kiran salla, ko alamarsa. Ƙwallo ta shiga. Bayan nan kira ya fito daga babban masallaci, tas, kamar ladanin yana cikin wayar. Aka mayar baya aka sake kallo, aka sake. Duk wanda ya kalli wannan abu zai ce alƙali ya ga za a ci ƙanin matarsa ne ya hura usur. Ni kaina da ban san abin da na ji ba haka zan ce.

Na ce iska daga yamma take kaɗawa, tana kai sauti gabas, wayar kuma tana can ƙarshen yamma a tsakiyar masu ihu, ina za ta ji 'yar lasifikar leburori? Na ce a tambayi mai tsaron gidan Mansura, yana gabas kamar ni. Aka kira shi. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni wallahi hankalina yana kan ƙwallo."

Ban zarge shi ba, mai yiwuwa gaskiyarsa ke nan. Nasiru ya buɗe baki zai yi magana aka ce ya yi shiru, ai shi ne wanda ake magana a kansa. Na ce to a kira Awudu mai shayi. Injiniya ya girgiza kai a hankali.

"Malam Isiyaku, mun kawo wayar nan ne don mu rabu da wane ya ce, wane ya ji. In muka fara kiran shaidu mun koma gidan jiya. Kai ma ka ɗaga hannu ranar. Abin da ta nuna, khalas, magana ta ƙare."

Aka ba da ci, aka ba Mansura kofi. Daga cikin taron wani ya ce kowa kira ɗaya ya ji, Baba ya ji biyu. Wani ya amsa masa cewa ai da ladaninsa yake yawo a kunne. Dariya ta tashi, maganar kuma ta zauna. Abin da har yau in na tuna jikina yake ɗaukar zafi shi ne wannan: dokar da aka kafa don kada mu makara salla, ga mu tsaye cirko-cirko muna sauraron kiran salla a waya, ana mayarwa ana sakewa, alhali can an tayar da iƙama har an yi raka'a. Da na samu na zame na nufi kwantena, leburori sun idar sun watse, Awudu ya naɗe teburinsa ya bi motar kamfaninsu.

Kafin in kai Mansura an yanko wurin daga bidiyon an watsa. Wani ya zana jan da'ira a kaina, ya sa waƙa. Daga wayoyin Doha ya tafi na Kano da Zariya, ya shiga Soba. A cikin makon na je wurin ginin, mai gadin ƙofa ya hana ni shiga. Da ƙyar na tare wani lebura, da hannu da guntun Larabci ya fahimtar da ni ba su da tsayayyen ladan, wanda ya riga yin alwala shi yake kira. Na sa rai ga Juma'a in ga Awudu. Bai zo ba. Aka ce kafil ɗinsa, ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya sallame shi ya koma gida, babu mai lambarsa. Ba a daɗe ba aka zo da babbar mota aka ɗauke kwantenar.

Kun san halina. Na tuhumi kaina fiye da yadda kowa ya tuhume ni. Ina tuƙi ina cewa, Isiyaku, ko dai zuciyarka ce ta so Nasiru ta kawo maka murya? Ko shaiɗan ne? Na bi abin daki-daki, na sake bi. Kullum sai in dawo kan hannun Awudu yana ajiye buta yana ɗaukar buta. Mai shayi ba ya barin ciniki ana tsakiyar ihu don muryar da take cikin kan wani.

Injiniya ya zo har ɗakinmu da rana, ya cire takalmi ya zauna a bakin gadona. Ba zan ɓoye alherinsa ba, da niyyar gyara ya zo.

"Ba wanda zai ce ka ci amana in ka yi abu ɗaya. Ran Juma'a ka tsaya gaban jama'a ka ce kunnenka ne ya yaudare ka. Ka ɗauka an kira, ashe ba a kira ba. Shi ke nan, ka riƙe usur ɗinka, ni zan rufe bakin yara."

"In ce ba a kira salla ba?"

"Ka ce ka yi kuskure."

"Injiniya, an kira."

Lawwali yana kwance a sama, ya leƙo da kai.

"Kai bawana, wuyar Bazazzage ke nan, taurin kai kamar jakin Soba. Kowa yana kuskure. Ka faɗa mu ci tuwo."

"Kai ka yarda na ji ko ba ka yarda ba?"

Ya mayar da kansa. Can ya ce, ba da wasa ba wannan karon, "Isiyaku, na ga bidiyo."

Ran nan ne ya sake kiran sunana, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya san ko dabino ban taɓa ɗauka a kwanonsa ba sai na tambaya, ya ajiye shekarun da muka yi a gefe guda, ya ɗauki abin da waya ta gani daga saman bas.

Mahaifiyarku ma ta kira ni. Mata sun nuna mata bidiyon a gidan suna.

"Malam, ƙwallo ce fa. Ba gado ake rabawa ba. Ka ce musu kuskure ne ka huta, mu ma mu huta. Nasiru ko waya ba ya iya ɗauka don kunya."

"Habi, in na ce ban ji ba na yi ƙarya. Kuma a kan kiran salla."

"To Allah ai ya san ka ji."

"Shi ya sa ba zan iya cewa ban ji ba."

Ta ce ni dai ba a taɓa gane mini. Ina jin ta tana jan hanci.

Ran Juma'a na je fili na miƙa wa Injiniya usur a gaban kowa. Na ce na ji kiran salla daga kwantena kafin in hura, ba zan ce ban ji ba, Allah ya ba ku alƙalin da ya fi ni. Wani ya yi kabbara da siririyar murya daga baya, aka fashe da dariya. Ban ƙara taka filin ba. Ɗakin Mansura ma ya yi mini ƙunci. Ba wanda ya kore ni, amma in lokacin salla ya matso sai wani ya ce a tambayi Baba, shi yana ji tun kafin a kira. Na tattara kayana na koma wani ɗaki cikin mutanen Sudan, inda ba wanda ya san ni. A can na ƙarasa shekaruna, ina cin abinci ni kaɗai.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma mahaifiyarku da ta ce ba gado ake rabawa ba, ashe gadon yana gaba. Bayan na dawo gida rigima ta tashi a kan iyakar gonar marigayi yayana, wadda marayunsa suke ci. Maƙwabcin ya ce iyaka tana bakin tsamiya, alhali tana bayanta, inda aka binne duwatsu. Ina wurin ranar da aka binne su, da hannuna na miƙa wa yayana na ƙarshe, kuma duk waɗanda suka halarta sun rasu sai ni. Ruwa da garma sun daɗe da kawar da duwatsun. Muka je gaban mai gari, na ba da shaida. Ina rufe baki ɗan maƙwabcin ya ciro waya.

"Ranka ya daɗe, kafin a karɓi maganar Baba a kalli wannan. Shi ne mai jin kiran sallar da ba a yi ba, in dai nasa ne a ciki."

Waya ta zaga fada, har da waƙar. Na ga dattawan da muka yi kiwo tare suna danne dariya da gefen rawani. Mai gari bai ƙaryata ni ba, ya dai ce tunda ana shakka a raba wurin biyu. Marayun nan suka rasa kunyoyin da hakkinsu ne, saboda iska ta kaɗa daga yamma a wani fegi a Doha. Har yau in na bi ta gonar sai in sauya hanya.

To ku gaya mini, wane irin adalci ne wannan? A addininmu mutum adali yakan ce ya ga jinjirin wata, gari guda ya ɗauki azumi a kan maganarsa, ba a ce ya kawo hoto ba. Ni ban ce a jefar da waya ba. In ana gardamar ƙwallo ta haye layi ko ba ta haye ba, a duba, ta fi idona. Amma waya tana tsaye ne a inda aka ɗaure ta, abin da ya iso wurin shi ta sani. Ita ma shaida ɗaya ce, kuma shaidar da ba a iya tambayarta ina kike tsaye, me ya hana ki ji. An karɓi tata an ƙi ko a saurari ta ɗan Adam. Da mutum ne ya ce bai ji ba, da an ce masa kai kana nesa. Da yake waya ce sai aka ce tunda ba ta ji ba, ba a yi ba. Kuma kuskuren alƙali a da yakan mutu a fili, a yi gardama a kan shayi a watse. Wannan kuwa ba ya tsufa. Ni na tsufa, Injiniya na ji ya bar Doha, kofin ma ban san inda yake ba, amma ɗan ƙudan nan mai jan da'ira yana nan yana ɗaga hannu a wayar yaran da ba a haifa ba lokacin.

Lawwali ya aiko mini da gaisuwa bara ta bakin wani direba, wai a gai da bawansa. Na amsa gaisuwar. Ban san ko hakan yana nufin ya sauya ra'ayi ba, ban kuma tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Yanzu ga roƙona, gare ku da duk wanda wannan rubutu ya faɗa hannunsa, musamman 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da waɗanda suka yi aiki a Doha. Ina neman Awudu mai shayi. Dogo ne, baƙi, yana da tabon ƙuna a bayan hannun dama, yakan zuba citta da yawa, kuma in zai miƙa maka kofi sai ya ce maka maigida ko kai yaro ne. Ban san sunan mahaifinsa ba. Wanda ya san shi, ko ya san inda iyalinsa suke, ya sanar da Mustafa. Kada a nuna masa bidiyon, kada a gaya masa abin da nake so ya ce. A tambaye shi kawai: ranar wasan kofi, da ya ajiye butar shayi ya ɗauki ta alwala, me ya ji? In ya ce ya ji kira, a ɗauko maganarsa a kai fadar mai gari, ko Allah zai sa a sake duba gonar yaran nan. In kuma ya ce bai ji komai ba, wannan ma a faɗa mini, kada a ɓoye don tausayi. Zan karɓa daga bakin mutumin da ya tsaya inda na tsaya.

A dai hanzarta, kunnen dama ma ya fara.